Ba a Yaɓe da Bashi

Duk wanda ya tashi a Madarunfa, ko a ƙauyukan da ke kewaye da tafkinta, ya san cewa idan bazara ta kawo jiki, hadari ya fara haɗowa daga gabas, magidanci ba ya jiran a tuna masa kafin ya kwaɓa ƙasa, ya hau soro, ya toshe tsaga, ya daidaita zaman indararo. Kuma ban taɓa jin wanda ya tafi wurin attajiri ya ci bashin shekara ashirin domin yaɓen shekara guda ba, sai fa wanda gari ya riga ya yi wa shaidar wauta. To, abin da za a yi wa talaka dariya a kansa, shi ne ra'ayin da ya rinjaya yau a bakin masana, cewa tun da gine-ginen jami'o'inmu sun tsufa, rufi yana yoyo, makewayin ɗalibai ya toshe, baitulmali kuwa ba shi da hali, wai babu mafita sai hukuma ta ciwo rance mai tsawon wa'adi, a gyara kome a lokaci ɗaya, a huta.

Hujjarsu ba ta rasa ƙarfi ba, kuma adalci ne a faɗe ta. Ƙasar da ta yi shekaru da dama tana dogaro da jami'ar Yamai, wadda aka aza harsashinta a 1971, ta buɗe ta Maraɗi da ta Tawa da ta Damagaram a 2010, ta ƙara huɗu a 2014, alhali kuɗin kula da su bai yi saurin da yawan ɗalibai ya yi ba. Suna cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, har manyan dauloli. Suna cewa ɗalibin da ruwa ke zubar wa a kan littafi ba zai jira tattalin arziki ya miƙe ba.

Amma malamanmu na fiƙihu sun koya mana a tambayi haƙiƙanin abu kafin a yanke masa hukunci. Shari'a ba ta haramta rance ba. Hasali ma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Sai dai mai hankali yana cin bashi a kan abin da zai haifi abin biya, kamar rijiyar lambu ko shanun huɗa. Gyara kuwa nafaƙa ce mai maimaituwa, kamar cefanen gida, tana dawowa kowace damina, ko an so ko an ƙi. Wanda ya rufe ta da rancen shekara ashirin, rufin zai koma yoyo tun bai biya rabi ba, sa'an nan ya wayi gari da yoyo da bashi gaba ɗaya, ya koma ƙofar da ya fito yana neman na biyu. Kuma wanda ya ƙi ware abin yaɓe lokacin da babu mai binsa, yaya za a yi zaton zai ware bayan an ɗora masa biyan uwar kuɗi da ribarta?

Ba mu da uzurin jahiltar wannan. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk bashin da aka ci da kuɗin waje ya ninka cikin dare ɗaya, ba a ƙara ko bulo guda ba. A 2004 aka yafe wa Nijar wani kaso mai yawa na basussukanta, a matsayinta na matalauciyar ƙasa da bashi ya yi wa katutu, muka ce mun tuba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 takunkumi ya rufe asusun ƙasa, wa'adin biya ya riƙa zuwa yana wucewa; a Afrilun 2024 kuma sai da aka karɓi dala miliyan 400 daga kamfanin CNPC na Sin, da ruwa bakwai cikin ɗari, a kan man fetur ɗin da ba a kai ga sayarwa ba. Manomin Gabi da na Safo sun san sunan wannan ciniki, na sayar da gero tun yana gona.

Wani zai ce akwai rancen da babu riba a cikinsa. Na yarda, kuma ya fi sauƙin hisabi. Amma rashin riba ba ya mayar da bashi kyauta, balle ya hana gara cin azara.

Magabata ba haka suka riƙe makarantunsu ba. Ƙarawiyyin ta Fas da Azhar ta Misira sun yi shekara fiye da dubu suna tsaye, kuma mafi yawan wannan zamani da waƙafi suka rayu: shaguna da gonaki da aka tsare asalinsu, ba a sayarwa, ba a gado, amfaninsu yana tafiya ga gyara da ciyar da almajirai. Maƙwabtanmu ma, da ke bayan Ɗan Isa da Jibiya, sun kafa asusu tun 1993, bayan yajin aikin malaman jami'a, wanda a wancan lokacin ake zuba wa kashi biyu cikin ɗari na ribar kamfanoni, shi ne ya zama TETFund a 2011. Ba na wanke shi daga aibi, domin shi ma ya fi son sabon ginin da za a yanke wa ƙyalle a kan tsohon da ke buƙatar kwano. Sai dai kuɗinsa yana zuwa kowace shekara, kuma babu mai zuwa karɓar biya.

Abin da nake nema ke nan ga jami'ar Maraɗi da ke ɗauke da sunan Farfesa Ɗan Dikko Ɗankulodo da ƴan'uwanta: doka ta yanke musu kaso sananne daga kuɗin fetur da yuraniyom, wanda ba a taɓa shi sai don gyara, a riƙa karanta lissafinsa a gaban malamai da ɗalibai, attajiran Maraɗi kuma, waɗanda Allah ya hore wa har suna gasar gina masallatai, a nemi kowannensu ya yi waƙafin shago ɗaya a babbar kasuwa, a rubuta a gaban alƙali cewa hayarsa ta kwano da siminti ce, ana fitar da ita kafin ruwan farko.