Fatalwar da Aka Saba da Ita: Finafinan Ban Tsoro na Japan da Kashi na Biyunsu

A ranar 31 ga watan Janairun 1998 gidajen sinima na ƙasar Japan suka fara haska finafinai biyu a jere da tikiti ɗaya. Na farko shi ne Ringu, wanda Hideo Nakata ya ba da umarni, na biyun kuma Rasen, ci gabansa, wanda wani darakta daban, Joji Iida, ya shirya. Dukansu daga littattafan marubuci Koji Suzuki aka ɗauko su. Masu kuɗin fim ɗin sun yi lissafin cewa duk wanda ya tsorata da na farko zai zauna ya ga ƙarshen zance a na biyu. Abin da ya biyo baya sananne ne: Ringu ya zagaya duniya, har Amurkawa suka sake yin nasu a 2002, shi kuwa Rasen jama'a suka juya masa baya, har ta kai kamfanin ya yi kamar bai taɓa yin sa ba, ya kira Nakata ya shirya wani ci gaban mai suna Ringu 2 a 1999. Ke nan tun ranar haihuwar wannan salon fim matsalar kashi na biyu take tare da shi.

Mu da muka taso da finafinan Kano da na Legas mun san kashi na biyu a wata ma'ana dabam. Labari ɗaya ne ake yanka shi gida biyu, a tsaya daidai inda rai yake so, domin a sake sayen faifai. Wanda ya ga na ɗaya bai ga na biyu ba, rabin labari ya gani. Na Japan da muke magana a kai ba haka suke ba. Fim ɗin farko cikakke ne, ya rufe ƙofarsa, sai kasuwa ta zo daga baya ta ce a sake buɗewa. Ra'ayinmu shi ne yawancin waɗannan ci gaban sun gaza na asali, kuma dalilin gazawar ya wuce batun ƙarancin kuɗi ko canjin 'yan wasa. Sun gaza ne saboda sun ɗauka mai kallo yana son a yi masa bayani, alhali rashin bayanin ne ya hana shi barci tun farko.

Mu tuna yadda Ringu yake. 'Yar jarida Reiko Asakawa tana binciken mutuwar wata yarinya 'yar danginta da wasu abokanta uku, waɗanda suka mutu a dare ɗaya, mako guda bayan sun kalli wani kaset ɗin bidiyo a wani masaukin hutu a yankin Izu. Ita ma ta kalla, waya ta yi ƙara, kwana bakwai suka fara ƙirguwa. Daga baya ɗanta ƙarami, Yoichi, ya tashi cikin dare ya kalla. Ita da tsohon mijinta Ryuji suka bi diddigin hotunan da ke cikin kaset ɗin har tsibirin Oshima, suka gano labarin Sadako, yarinyar da aka jefa rijiya aka rufe. Suka samo rijiyar a ƙarƙashin masaukin nan, suka kwashe ruwan da bokiti, Reiko ta rungume ƙasusuwan, wa'adinta ya wuce ba ta mutu ba.

A nan kowane mai kallo yake sauke ajiyar zuciya, domin abin da ya saba gani ke nan: an zalunci matacciya, an tono gaskiya, an sutura ta, ta huta. Sai fim ɗin ya kwance wannan lissafi gaba ɗaya. Washegari talabijin ɗin Ryuji ta kunna kanta, Sadako ta fito daga rijiya, ta nufo gilashin, ta rarrafo cikin ɗakin. Tausayin da Reiko ta nuna bai tsinana komai ba. Abin da ya cece ta shi ne ta yi kwafin kaset ɗin ta nuna wa wani. Fim ɗin ya ƙare tana tuƙi zuwa gidan mahaifinta, da na'urar bidiyo a mota, za ta roƙi tsohon ya kalla domin jikansa ya rayu.

Wannan ƙarshen shi ne jarin Ringu. Fim ne da bai kai minti 100 ba, babu jini a cikinsa, kuma fuskar Sadako ba a taɓa nuna ta ba sai ido guda ta tsakanin gashi. Tafiyarta mai karkacewa ma dabara ce mai arha: 'yar wasan, Rie Ino'o, da baya ta yi tafiyar, aka juya hoton. Abin da mai kallo yake komawa gida da shi tambaya ce da ba ta da daɗin amsawa: in kai ne, wa za ka miƙa wa kaset ɗin? Maƙwabci? Baƙon da ba ka sani ba? Mahaifinka, saboda shi ne ba zai ƙi ba?

To, me Rasen ya yi da wannan? Ya miƙa labarin ga likitan binciken gawa, Mitsuo Ando, ya mai da la'anar ƙwayar cuta mai alaƙa da agana, ya nuna tana iya yaɗuwa ta hanyar karanta rubutu, sannan ya sa aka sake haihuwar Sadako ta jikin wata mata. A gaskiya ya fi bin littafin Suzuki sau da ƙafa, kuma a takarda tunanin yana da ban sha'awa. Amma mutumin da ya gama kallon mace tana fitowa daga talabijin, minti kaɗan a baya, ba ya bukatar a sa abin a ƙarƙashin madubin likita. Da zarar an ba wa abin tsoro suna a ɗakin gwaji, ya zama matsala mai neman magani, kuma hankalin ɗan Adam ya san yadda zai zauna da irin wannan.

Ringu 2 ya fi shi samun karɓuwa, ya ma fi na farko kawo kuɗi a Japan, wanda shi ne hujjar da masu kare ci gaba suke fara kawowa. Amma ciwon ɗaya ne. Likita ya shigo da wayoyi da na'urori, yana ƙoƙarin zuƙe fushin Sadako daga jikin Yoichi ya zuba shi a ruwa, kamar wutar lantarki. An kashe Reiko a hatsarin mota ba tare da labarin ya amfana ba. Abubuwa biyu ne kawai suka tsaya da ƙafarsu. Na ɗaya, binciken gawa ya nuna Sadako ta yi shekara 30 da ranta a cikin rijiyar. Wannan bayani ne da ya ƙara duhu maimakon ya rage shi. Na biyu, ɗan jarida Okazaki, wanda ya karɓi kwafi daga hannun wata ɗaliba ya yi mata alkawarin zai kalla, tsoro ya hana shi, ya yi mata ƙarya, ta mutu. Wannan ɗan guntun labari ya fi duk na'urorin likitan nauyi, saboda shi kaɗai ne ya koma ga tambayar da fim ɗin farko ya bari.

Ba daga sama Japanawa suka samo wannan mace mai farin tufa da saken gashi ba. Suna kiran irinta onryo, wato wadda ta mutu da ƙullin zalunci a zuciya ta dawo ramuwa, kuma farin tufan likkafaninsu ne na da. Akwai Okiku, baiwar da aka yi wa sharrin ɓatar da faranti ɗaya cikin goma aka jefa ta rijiya, wadda har yau ana nuna wata rijiya da sunanta a fadar Himeji. Akwai Oiwa ta wasan kwaikwayon Yotsuya Kaidan na 1825, wadda guba ta lalata mata fuska. Ƙarfin waɗannan labarai yana cikin laifin da aka yi wa mai rauni, a cikin gida, aka yi shiru. Mu da kalmar fatalwa take a bakinmu, ko da aƙidarmu ta gaya mana matacce ba ya dawowa, mun fahimci wannan ɓangaren ba tare da tafinta ba: hakkin da aka binne ba ya kwanciya. Ci gaban da ya manta da laifin ya riƙe gashin da farin tufan kawai, ɓawo ya ɗauka.

Sai dai adalci ya wajaba, domin ba duka suka faɗi ba. Ringu 0 na shekarar 2000, wanda Norio Tsuruta ya ba da umarni, ya koma shekara 30 baya ya nuna Sadako budurwa, mai kunya, a cikin wata ƙungiyar wasan kwaikwayo, tana son wani saurayi mai kula da sauti, abokan aikinta kuma suna tsoronta har suka taru suka yi mata duka. An nuna fuskarta daga farko har ƙarshe, Yukie Nakama ce ta fito a matsayinta, kuma tsoron ya ragu ƙwarai. Amma fim ɗin ya san abin da ya sayar da abin da ya saya: ya ba da tsoro ya karɓi tausayi. Yana da nasa shirmen, musamman zancen cewa Sadako ta rabu gida biyu, ta kirki da muguwa, amma wanda ya gan shi ba zai sake kallon rijiyar nan da ido ɗaya ba. A wurinmu shi ne mafi daraja cikin duk abin da ya biyo bayan Ringu.

Ju-on na Takashi Shimizu kuwa shi ne ya fi wahalar da ra'ayinmu, kuma gara mu faɗa. Fim ɗin da duniya ta sani, wanda ya shiga sinima a farkon 2003, shi kansa na uku ne a jerin. Biyu sun riga shi a shekarar 2000, a kaset aka sayar da su kai tsaye, da kuɗi kaɗan. Ke nan ga ci gaban da ya fi na asali suna. Dalilin yana cikin ginin labarin. Wani mutum, Takeo Saeki, ya kashe matarsa Kayako saboda kishi, ɗansu Toshio ma bai tsira ba, gidan da ke unguwar Nerima a Tokyo ya zama tarko: duk wanda ya taka ciki ya ɗauka, ko ɗan sanda ne, ko mai kula da tsofaffi, ko ɗalibar da ta shiga don wasa. Babu kwana bakwai, babu kwafi, babu mafita. An yanka labarin babi-babi da sunayen waɗanda abin ya ci, ba bisa jerin lokaci ba. Labarin da bai yi alkawarin warwarewa ba, maimaitawa ba ta cin amanarsa. Kowane sabon baƙo sabon babi ne kawai.

Shi ya sa Ju-on na sinima kashi na biyu, wanda ya fito a 2003 ɗin, yake da abin da ya kai na farko ko ya fi. Wata mata da saurayinta suna jin bugu a bangon ɗakinta daidai lokaci guda kowane dare, sun rasa daga ina yake. Sai a ƙarshe mai kallo ya gane ƙarar ƙafafunsu ce, ranar da za a rataye su, tana isowa kafin ranar ta zo. Wannan ƙirƙira ce ta gaske, ba a aro ta daga fim ɗin baya ba. Amma ko a nan sai da aka faɗa ramin da Rasen ya faɗa, aka sa Kayako ta sake haihuwa ta cikin wata 'yar fim mai juna biyu. Kuma kada mu manta, kashi na biyu na kaset ɗin 2000 kusan rabin sa'ar farkonsa maimaicin na ɗaya ne tsagwaronsa. Wannan kam ba sabon abu ba ne ga wanda ya taɓa sayen faifai a kasuwanninmu.

Chakushin Ari na Takashi Miike, 2003, mai saƙon murya da ke zuwa daga ranar mutuwar mai wayar, ba ya bukatar dogon zance. Shi kansa inuwar Ringu ne, ci gabansa kuma suka rasa abin yi sai canjin wuri: na 2005 ya tafi Taiwan, na 2006 ya bi ɗalibai yawon makaranta zuwa Koriya ta Kudu.

Hausawa suna cewa, ido wa ka raina? Ya ce wanda nake gani yau da gobe. A Sadako 3D na 2012 an bar kaset an koma intanet, aka cika allo da Sadako da yawa masu dogayen ƙafafu kamar na fara, ƙirar kwamfuta, suna bin mutane da gudu. A lokacin tallarsa an sa Sadako ta yi jifan ƙwallon buɗe wasan besbol a gaban 'yan kallo suna dariya. A 2016 aka fitar da Sadako vs. Kayako, wanda ya faro daga zolayar ranar 1 ga Afrilu, aka haɗa matan biyu da aka zalunta faɗa kamar 'yan dambe. Daraktansa Koji Shiraishi ya san wasa yake yi, kuma fim ɗin yana da ban dariya da gangan, ba mu hana kowa jin daɗinsa ba. Muna dai cewa wadda a 1998 aka ɓoye fuskarta har minti na ƙarshe, yanzu ana sayar da ita a matsayin 'yar tsana. Ko Nakata da kansa, da ya dawo da fim mai suna Sadako a 2019, bai iya maido da abin da ya zube ba.

Akwai fim ɗinsa guda da kasuwar Japan ta ƙyale, wanda aka fi sani da sunan Dark Water, na 2002, shi ma daga labarin Suzuki. Uwa ce, Yoshimi, tana shari'ar riƙon 'yarta Ikuko bayan mutuwar aure, ta kama haya a wani tsohon bene inda ruwa yake ɗiga daga silin, wata jar jakar yara kuma tana ta dawowa duk inda aka jefar da ita. Yarinyar da ta nitse a tankin ruwan saman benen uwa take nema. A cikin lif Yoshimi ta rungume ta, ta amsa cewa ita ce uwar, ƙofa ta rufe a gaban 'yarta ta cikinta. Shekara 10 bayan nan Ikuko ta koma ɗakin, ta yi magana da mahaifiyarta, ta waiwaya, ta juyo ba kowa. Babu wanda ya zo ya faɗa mana abin da ya faru bayan ta sauko daga benen.