Robar gilas ba gam take so ba



Yau kan wata 'yar ƙaramar magana zan yi, wadda wasu za su ce ba ta kai a ɓata lokaci a kanta ba. To ni dai ta kai, domin saura ƙiris ta ci mana motar Baba.

Mahaifina yana da tsohuwar Fijo 504, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna. Da ita ya taso daga Kano, da ita kuma ya yi shekaru yana jigilar fataucin shinkafa tsakanin nan Khaddamari da cikin Maiduguri. Yaran yanzu akwala suke ganinta, ba su san cewa irinta ce ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975 ba. Amma ba wannan ya kawo ni ba.

Da damina ta faɗi sai muka ga ruwa yana ɗiga a ƙafar direba. Robar da ta kewaye gilashin gaba ce ta bushe ta tsattsage, kun dai san ranar Borno, ko fatar mutum ba ta bari ba balle roba. Ni da gaggawata na kai ta wurin wani matashi mai gyara. Ya sa sukudireba ya ɓanɓaro siririn farin ƙarfen nan da ke kwance cikin robar, ya lanƙwashe shi kamar tsinke, sannan ya bi gefen gilas da baƙin gam ya ce an gama. Bayan ruwa biyu ɗigar ta dawo, har ta fi da.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, motocin yanzu da gam ake manne gilashinsu tun daga kamfani, amma na 504 roba ce kaɗai ke riƙe shi. Gam a kan mataccen roba ba ya hana ruwa shiga, fita kawai yake hana shi, sai ya kwanta a ƙasa yana cin ƙarfe.

Wani dattijo Babarbare, maƙwabcinmu, shi ya raba mu da wahala. Ya ce da ni, "Yaro, roba ake yankawa, ba a kokawa da gilas." Ya sa wuƙa ya yanke tsohuwar, muka ɗaga gilas mu biyu, sai ga tsatsa ja wur a kusurwoyin ƙasa. Ya kankare, ya shafa fenti, ya ce sai gobe. Washegari ya shanya sabuwar roba a rana ta yi laushi, ya sa wa gilas tun yana ƙasa, ya zura farin ƙarfen cikin raminsa, wanda ya kwana yana miƙarwa da ɗan katako. Sannan ya cusa igiya a bakin robar, ya shafa ruwan sabulu. Ni ina dannawa da tafin hannu daga waje, shi yana ciki yana jan igiya a hankali, leɓen robar yana hawa ƙarfe da kansa. Ko guduma bai taɓa ba.

Ban ga laifin matashin can sosai ba, abin da ya tarar ya koya. Laifinmu ne mu masu mota, da muke son a sallame mu cikin rabin awa, kuma in an ce kwana biyu sai mu ce cuta ce. An daina haɗa 504 a Kaduna tun wajen 2006, don haka farin ƙarfen nan in ya karye, sai dai a aika Ƙofar Ruwa a Kano a yi ta cigiya cikin kayan tsofaffin motoci. Masu iya aikin igiyar ma ƙarewa suke yi, kuma ban ga yaro ko ɗaya a gaban dattijon nan ba.

Na roƙe shi in riƙa zuwa ranar Juma'a da safe, ya ce in zo da igiyata.