Idon Biri da Shaidar "Na Gani da Idona"

Mai karatu, tsaya gaban madubi ka dubi idonka na dama, sannan na hagu. Ba za ka ga motsin ƙwayar ba, alhali na gefenka yana ganinsa sarai. Ido kan zabura haka kusan sau 3 a daƙiƙa, kuma kowane karo ƙwaƙwalwa na dusashe gani.

A 2002 Marc Sommer da Robert Wurtz, a Amurka, suka gano wata hanya a ƙwaƙwalwar birai da saƙon motsin ke bi tun idon bai motsa ba. Da suka kassara ta da magani, biran suka riƙa kuskure wurin da za su kalla na biyu.

Ni mai tsaron jarrabawa, yanzu sai na sake duba sau biyu kafin in rubuta sunan ɗalibi da laifin satar amsa.