Laburaren Makaranta: Wa Ke Riƙe Da Mabuɗi?

Tun cikin 1977, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta fito da Manufar Ilmi ta Ƙasa, aka lissafa laburare cikin abubuwan da ya wajaba a tanadar wa makarantu. Amma duk malamin da ya zaga makarantun ƙauye, kai har da na birni, ya san abin da a kan tarar: kabad guda a ofishin hedimasta, an garƙame shi da kwaɗo, mabuɗi kuwa yana aljihunsa. Ba mu ga laifinsa sosai ba. Shi ya sa hannu a takardar karɓar kaya, in littafi ya ɓace shi za a tuhuma, don haka ya gwammace gara ta ci da dai yaro ya ara.

In an buɗe kabad ɗin kuma, me ke ciki? Galibi littattafan darasi ne da aka daina aiki da su, da waɗansu na kyauta daga Ingila ko Amurka masu ba da labarin dusar ƙanƙara ga yaron da ko Turancin gaisuwa bai gama kamawa ba. Kyauta dai ba a raina ta, amma ba ita za ta sa yaro ya so karatu ba. Magabatanmu sun gane wannan. Gasar da aka shirya a Zariya cikin 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, aka kuwa yi haka don wanda ya koyi boko ya sami abin karantawa da harshensa, kada karatun ya zube. Muna ganin abin kunya ne a shiga makarantar ƙasar Hausa a rasa waɗannan, balle sababbin da aka wallafa bayansu.

To, a ganinmu babbar matsalar ita ce rashin mutumin da zai tsaya wa aikin. Ba a ƙasar nan aka rasa masana ba. An buɗe makarantar koyon aikin laburare a Ibadan cikin 1960. A Arewa kuwa, wani Bature mai suna F. A. Sharr ya bincika bukatun Jihar ya ba da rahoto cikin 1963, sa'an nan cikin 1968 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen wannan ilmi, wanda shi ya fara ba da digirin farko a kansa a Nijeriya. Cikin 1995 aka yi dokar kafa majalisar da ke yi wa ma'aikatan laburare rajista, watau aikin ya zama sana'a mai ƙa'ida kamar sauran sana'o'i.

Ina waɗanda suka ƙware ɗin suke tafiya? Inda kuɗi yake. Cikin 1993 aka ɗora wa kamfanoni harajin ilmi, kashi biyu cikin ɗari na ribarsu, ana raba shi tun daga firamare har jami'a. Cikin 2011 aka sake doka, asusun ya zama TETFund, ya koma na manyan makarantu kaɗai. Saurayin da ya gama digiri, ya ga a jami'a akwai kuɗin sayen littattafai da matakan ƙarin girma, a sakandare kuwa sai kabad da ƙura, ina za a ce ya nufa? Sai a ɗauki aikin a liƙa wa malamin Turanci, wanda dama darussa sun yi masa yawa.

Mutane da yawa suna zaton aikin nan gadin littattafai ne kurum, shi ya sa iyaye ba su cika sha'awar 'ya'yansu su karanta shi ba. Wannan kuskure ne. Ma'aikacin laburare shi ke zaɓen abin da za a saya gwargwadon shekarun yara, ya rarraba shi fanni fanni bisa tsari irin na Dewey mai gida goma, ya riƙe lissafin aro, ya koya wa yaro yadda zai nemo abu da kansa. Yanzu da kwamfuta da intanet suka shigo, shi ne kuma zai nuna wa yaro yadda a ke rarrabe sahihin labari da na ƙanzon kurege. Wanda ya iya wannan yana samun gurbi a bankuna da kotuna da asibitoci da gidajen adana tarihi.

Abin da mu ke roƙo ba mai tsada ba ne. Hukumomin ilmi na jihohi su buɗe gurbin ma'aikacin laburare a kowace sakandare, da albashi da ƙarin girma daidai da na malamin aji. Firamare kuwa, inda ba halin haka, a tura malami guda kwas na 'yan makonni, a rage masa darussa, a sa awa guda ta karatu cikin jadawalin mako. Ku kuma akawunan ƙananan hukumomi da masu duba lissafi, a yarda cewa littafin da ya yage a hannun yara an soke shi daga lissafin kaya ba tare da an yanki albashin kowa ba. In ba a yi wannan ba, hedimasta ba zai saki mabuɗin nan ba.