Kaza maras lafiya ba ta kasuwa ba ce, ba ta tukunya ba ce

Ƴan uwa manoma da makiyaya, maza da mata, yau a kan kaji za mu yi magana.

Mu da muke zagayen cibiyoyin yaƙi da jahilci, muna kwana a ƙauyuka da yawa. Lokacin sanyi, abu ɗaya muke gani kowace shekara. In kaji suka fara mutuwa a gida, mai gida sai ya ɗauko wuƙa da sauri. Waɗanda suka yi laushi a yanka su a dafa. Waɗanda ke tsaye a sa su kwando, ranar kasuwa a sayar da araha. Mun san dalili. Kaza ita ce asusun talaka, musamman mace. Da ita ake sayen sabuni da magani da littafin yaro na lakwal. Duk da haka muna cewa wannan al'ada ta zama haɗari, kuma lokacin barinta ya yi.

Dalilinmu shi ne cutar da ake kira murar tsuntsaye. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda ido ba ya gani. Likitoci suna kiran mafi muninta H5N1. An fara gano ta a ƙasar Sin a shekarar 1996. A 1997 ta kama mutum 18 a birnin Hong Kong, 6 suka rasu. Da muka ji labarin, mun ɗauka cutar nesa ce. Sai ga shi a watan Fabrairu na 2006 ta ɓulla a wata gonar kaji a jihar Kaduna ta Nijeriya. Kafin watan ya ƙare, an tabbatar da ita a Magariya, cikin jihar Damagaram. A 2007 ta kashe wata matashiya a Legas. A 2015 ta sake ɓulla a wata gonar kaji a Maraɗi. Ashe baƙuwa ce da ta san hanyar gidanmu.

Hanya biyu take biyowa. Ta farko ita ce tsuntsayen daji. Kowace shekara, in sanyi ya yi tsanani a Turai, agwagin daji da wasu tsuntsayen ruwa suna tasowa su zo ƙasashenmu. Suna sauka a kogin Isa, da tafkin Cadi, da tafkuna kamar na Madarunfa da na Tabalak. Wasunsu suna ɗauke da cutar alhali ba su nuna alamar ciwo. Suna barin ta cikin kashinsu a bakin ruwa. Agwagin gida su je su sha, su kawo ta cikin gari. A 2021, a gandun tsuntsaye na Juj a ƙasar Senegal, cutar ta kashe ƙwasaƙwasa fiye da 700.

Hanya ta biyu mu ne da kanmu. Ba mu da ikon hana tsuntsu tashi, amma kwandon da ke bayan babur namu ne. Kaza ɗaya maras lafiya in ta kwana a kasuwa, tana iya shafa wa duk kajin da ke kusa da ita. Masu saye su watse da su ƙauye goma. Cutar tana manne wa kwando, da takalmi, da tufa, da tayar mota. Wanda ya sayi kazar jika uku a jika ɗaya yana murna ya yi ciniki. Bayan kwana kaɗan akurkinsa ya zama kango.

Ga alamunta a jikin kaji. Suna mutuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci ba tare da an ga ciwo ba. Kai yana kumbura, zanko ya yi baƙi-baƙi. Suna zawo, suna numfashi da ƙyar, su daina ƙwai. Zabi da talo-talo ma tana kashe su.

Wani zai ce: "Ai wannan annobar kaji ce da muka saba gani tun kakanni." Gaskiya ne, akwai tsohuwar cuta mai suna Niwkasal, wadda ake yi wa kaji rigakafinta. Alamunsu sun yi kama ƙwarai. Ko likitan dabbobi ba ya rarrabe su da ido, sai an kai samfuri ɗakin bincike na ma'aikatar kiwo a Yamai. Rigakafin Niwkasal yana da kyau, mu ci gaba da yin sa, amma ba ya kare kaza daga murar tsuntsaye. Bambancin da ya fi girma shi ne murar tsuntsaye tana iya kashe mutum.

Ba mu so mu tsorata kowa fiye da kima. Cutar ba ta cika kama mutum ba, kuma da wuya ta tashi daga wani mutum ta kama wani. Amma in ta kama, tana da tsanani. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa daga 2003 zuwa yau ta kama mutum fiye da 800, kuma kusan rabinsu sun rasu. Yawancinsu sun taɓa kaji marasa lafiya ko mushensu. To, a gidajenmu wa ke figar kaza? Wa ke fid da kayan ciki? Wa ke share akurki? Mata da yara ne. Yanka yana halatta nama, amma wuƙa ba ta kashe ƙwayar cuta. Wuta ce ke kashe ta, in nama ya dahu sarai har cikinsa. Kafin nama ya kai tukunya kuwa, jini da gashi sun riga sun taɓa hannun uwar gida.

Saboda haka, in kaji suka fara mutuwa, ga abin da ya kamata mu yi. Kada mu yanka, kada mu sayar, kada mu ba da kyauta. Mu tsare sauran a wuri ɗaya, nesa da ɗakin kwana. Mu hana yara taɓa mushen kaza ko na tsuntsun daji. Babba ya sa hannunsa cikin leda, ya rufe hanci da baki, ya binne mushen a rami mai zurfi wanda kare ba zai tona ba. Sannan ya wanke hannu da sabuni. A sanar da maigari da ma'aikacin kiwo a ranar. Wanda ya taɓa kajin, in ya ji zazzaɓi, ko tari, ko idonsa ya yi ja, ko numfashi ya yi masa wuya, ya tafi gidan likita nan da nan, ya faɗa cewa ya taɓa kaji marasa lafiya. Sabuwar kaza kuma, in mun sayo ta, mu ware ta mako biyu kafin ta haɗu da na gida.

Muna da magana ga hukuma ma. Mutane suna ɓoye cutar ne don tsoron a zo a kashe musu kaji a bar su hannu wofi. Kashe kajin wurin da cuta ta ɓulla dole ne, don a tsai da ita. Amma a biya diyya mai kyau, a biya da wuri, kuma a sa kuɗin a hannun mai kaza, ko da mace ce a cikin gida. In an yi wa ƙauye ɗaya adalci, ƙauyen da ke kusa zai kawo labari da kansa.

Ku kuma da kuka koyi karatu da rubutu, ga inda iliminku zai yi amfani. Ku ɗauki alƙalami ku rubuta ranar da kaji suka fara mutuwa, da yawansu, da kasuwar da aka sayo na ƙarshe. Ku kai wa ma'aikacin kiwo takardar. Ku karanta wannan shafi a dandali da wurin daka, don waɗanda ba su riga suka iya ba. Masu hikima sun ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya kare mu da dukiyarmu, amin.