Ƙarau na Bida, ko na bakin mai talla?

Ya kai mai karatu, ya ke mai karatu, yau zancenmu a kan ƙarau ne da duwatsun wuya. Kada maza su ce wannan zancen mata ne. In an zo haɗa lefe, aljihun wa ake taɓawa?

Wata rana bayan darasi, wata ɗalibata nan Bune ta kwance bakin zanenta, ta nuna mini ƙarau guda shida. Don auren ɗiyarta ta saye su. Sai da ta saida akuya kafin ta haɗa kayan auren. Mai kayan ya rantse mata aikin Bida ne, aikin hannu, shi ya sa ya tsuga mata kuɗi. Na jera su a tafin hannuna. Duka shidan kamar an tsaga kara. Kowane da ɗan siririn layi a gefe, irin wanda inji ke bari. Ba su da nauyi, ba su da sanyi. Na ƙwanƙwasa ɗaya a haƙori, ba ƙara. Roba ce mai ƙyalli. Wallahi na ji nauyin gaya mata.

To, mene ne aikin Bida ɗin da ake rantsuwa da shi?

Bida gari ne na Nufawa, a jihar Neja cikin Nijeriya. Ka lura, Neja na ce, ba Nijar ba, kar haruffa su ruɗe ka. A garin akwai unguwar da ake kira Masaga. Mutanenta sun gaji aikin gilashi kaka da kakanni, kuma su da bakinsu suna cewa daga Masar asalinsu yake. Kakanninsu da yashi da kanwa suke dafa gilashi. I, kanwa, irin wadda muka sani a kwarurukan ƙasar Gure. Daga baya suka koma narka fasassun kwalabe. Mutum zai zauna gaban wuta ana zuga masa, kamar a maƙera. Ya ɗebo narkakken gilashi da sandar ƙarfe, ya yi ta juyawa yana buɗa shi har ya zama ƙarau. In dutsen wuya ne, sai ya naɗe gilashin a jikin ƙarfen, ramin zare ya fita da kansa. A shekarar 2021 hukumar UNESCO ta saka Bida cikin biranen duniya da suka shahara da sana'ar hannu.

Abin da aka yi haka, ɗaya bayan ɗaya, ba ya zama iri ɗaya da ɗan'uwansa. Wannan ya ɗan fi kauri, wancan ya ɗan karkace. In ka ɗaga shi a rana, sau da yawa za ka ga ƴan ƙananan kumfa a ciki. Gilashi yana da nauyi, yana da sanyi in ka ɗora shi a kumatu. Tsofaffin mata sun san wannan sarai, ba sai malami ya koya musu ba. Amma ido yana gazawa. Masu jabu su ma ba barci suke ba. Kuma ni dai duk ƙarau da dutsen wuya da na taɓa riƙewa a kasuwanninmu, babu mai ɗauke da sunan wanda ya yi shi. Bakin mai talla shi ne shaida. Shi kuwa ciniki yake nema.

Bari in kai ka nesa kaɗan, don ba mu kaɗai abin ya dama ba. A ƙasar Italiya akwai birnin Benis, kusa da shi akwai tsibirin Murano. A shekarar 1291 mahukuntan birnin suka tattara masu aikin gilashi suka kai su tsibirin, don tsoron gobara. Tun lokacin suke wannan sana'a. Duwatsun wuya masu yawa da fatake suka riƙa kawowa Afirka ta Yamma a da, aikin Benis ne. Da sunan Murano ya yi tsada, sai wasu suka riƙa yin kayan araha a wasu ƙasashe suna cewa na Murano ne. Masu aikin gaske suka ga kasuwarsu na mutuwa. A shekarar 1994 aka kafa doka a jiharsu, aka fito da tambari mai suna Vetro Artistico Murano. Ƴar takarda ce da ake mannawa a jikin kaya. Ba mai samun ta sai wanda ke aikinsa a cikin tsibirin. A jikinta akwai lamba, kuma lambar nan ita ke nuna gidan da ya yi aikin. In ka yi shakka, kana iya bin lambar har ƙofar mai ita.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Tubawa da Buzaye ba sa barin raƙumi ba shaida. In ya ɓata, shaidar ke maido shi gida. Wasu maƙeran azurfa na Agadas sukan zana sunansu a bayan abin da suka ƙera. Gwamnatinmu ma ta kai kilishin Nijar da albasar Galmi gaban hukumar OAPI da ke Yawunde, aka rubuta sunayensu, don kada kowa ya ɗauki tasa albasa ya ce ta Galmi ce. In an yi wa albasa, me zai hana a yi wa ƙarau, ko jakar dukawan Damagaram, ko tabarmar kaba da matanmu ke saƙawa?

Wani zai ce: Malam, ai tambarin ma ana iya yin jabunsa. Gaskiya ne. Wanda ya iya ƙarya da baki zai iya ta da takarda. Amma akwai bambanci. Ƙaryar baki iska ce, gobe ya ce bai faɗa ba. Wadda aka rubuta kuwa tana nan, kana iya kai ta gaban mai gari ko gaban hukuma. Shi ya sa nake cewa tambarin kirki sai da abu uku: sunan gari, sunan mai aiki ko lambarsa, da sunan ƙungiyar da ta tsaya masa. Takardar da ta ce “mai kyau ne” kawai, ba ta ce komai ba.

Kar kuma a ce na hana sayen na roba. Sam. Mai ƙaramin ƙarfi ya sayi abin da ya iya, ado ado ne. Abin da na ƙi shi ne a karɓi kuɗin gumin wani a ba ka aikin inji. An cuce ka, an kuma cuci wancan bawan Allah da ya wuni gaban wuta a Masaga, wanda aka ci kasuwa da sunansa bai ga ko dala ba.

Sai dai tambari ba ya magana sai da mai karatu. Ɗalibar nan tawa, da kasuwa ta zagayo, ta koma. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce a nuna mata kwalin da kayan suka zo a ciki. Ta sa yatsa tana bin haruffa ɗaya ɗaya: tana neman B, tana neman I, da D, da A. Ba ta gan su ba. Sunan wata ƙasa ce can daban. Mai kayan ya yi shiru, ya maido mata rabin kuɗinta. Rabi dai, ba duka ba.

Darasi mai zuwa, kowa ya zo da kwali ɗaya ko gwangwani ɗaya daga gida, na shayi, na sabulu, ko na tumatir. Za mu nemo inda aka rubuta sunan ƙasar da ta yi shi.