Baƙin Tabarau a Kan Ruwan Lagdo



Shekaru ke nan alƙalamin zauren dattijonmu yana hannunmu, mu ke rubuta wanda ya zo da abin da ya kawo shi. Akwai wani roƙo da muka rubuta har hannu ya saba da shi: a taimaka wa wane da kuɗin mota zuwa Garwa, za a yi masa aikin ido. In muka ɗaga kai muka dubi mai roƙon, sau da yawa masunci ne. Na bayan nan da ya zo, jikansa ne ya riƙo masa sanda har bakin tabarma. Mun san shi tun yana jefa birgi daga kan jirgi ba ya ko tangaɗi, kuma bai girme mu da yawa ba.

Tun da aka gama madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai a 1982, mutanenmu suka sauka bakin tafkin tare da Musgum da Kotoko da sauran ma'abota ruwa. Masunci yakan kashe dukiya a kan kalli da mamari, ya ci bashi ya sayi inji, ya toshe jirgi da zarar ya ga ɗigo. Idon da yake neman abincin da shi kuwa, a buɗe yake barinsa tsakanin rana biyu, ɗaya a sama, ɗaya a kan fuskar ruwa, daga hantsi har la'asar sakaliya.

Ra'ayinmu shi ne masunci ya sa tabarau, kuma ya san irin wanda zai sa. Mun san abin da ake cewa. A wurinmu baƙin tabarau kayan samarin tasha ne, ko na makaho, ko na mai ɓoye jan ido saboda abin da ya sha, dattijo kuwa ba ya so a gan shi da shi. Wasu su ce kakanninmu ba su sa ba. Gaskiya ne, amma ai ba su san kallin roba ba, ba su san inji ba, duk mun karɓa ba gardama. Kuma ba sakaci suka yi da ido ba: malafa mai faɗin baki tasu ce, mu ne muka ajiye ta muka ɗauki hana-salla.

A makarantar zaure muka fara jin sunan Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya ƙare rayuwarsa a Alƙahira kimanin shekara dubu da ta wuce, mai Kitabul Manazir. Shi ya kafa hujja cewa haske daga waje yake shigowa ido, ba daga ido yake fita ba kamar yadda wasu magabata suka zata. Ido ƙofa ce ke nan, duk abin da rana ta aiko sai ya shiga. Cikin abin da take aikowa akwai ɓoyayyen haske da ake kira UV, ba a ganinsa, ba a jin zafinsa nan take. A 1988 likitoci a Amurka suka wallafa binciken da suka yi a kan masunta 838 na gaɓar Chesapeake, suka ga cewa waɗanda wannan haske ya fi duka sun fi kamuwa da wani nau'i na yanar ido. Haka naman nan da ke tsirowa daga gefen hanci yana rarrafe zuwa baƙin ido, rana da ƙura da iska ne ke ciyar da shi. Ba mu ce kowace yana daga rana take ba, tsufa da ciwon suga da taba duk suna da hannu. Sai dai tsufa ba a sayen maganinsa a kasuwa, wannan kuwa ana saye.

A nan ne ake cutar mutanenmu. Mai talla ya zo ranar kasuwa da faifai cike da tabarau, mai saye ya zaɓi wanda ya fi duhu, yana zaton duhu shi ne kariya. Alhali 'yar ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido tsukewa take yi cikin haske, ta buɗe cikin duhu. In gilashin baƙin fenti ne kawai, ba ya tare UV, to an buɗe ƙofa ne an kuma sallami mai gadi. Gara wanda ya fita da malafa kaɗai. Abin da za a fara nema shi ne rubutun UV400. Da yake rubutu ba ya wuyar bugawa, wanda ya shiga Garwa ya kai nasa shagon masu yanka gilashin ido, ya tambaya ko suna da na'urar gwaji.

Abu na biyu daban yake, kada a haɗa su. Akwai gilashi mai tace ƙyalli, wanda ake rubuta wa Polarized ko Polarisé a jiki. Wani Ba'amurke, Edwin Land, mai kamfanin Polaroid, shi ya fito da takardar tacewar wajen 1929. Hasken da ya daki shimfiɗaɗɗen ruwa ya dawo, yawancinsa a kwance yake kaɗawa. Gilashin kuwa an yi shi kamar shingen kara, na tsaye ya wuce, na kwance ya tsaya a waje. Da ka sa shi sai farin ƙyallin nan mai sa hawaye da ciwon kai ya kwanta, ka ga abin da ke ƙarƙashinsa. Ya fi aiki in kana duban ruwa a karkace, 'yar tazara gaban jirgi, musamman da hantsi da la'asar. Amma gilashi na iya tace ƙyalli bai tare UV ba, don haka a nemi biyun tare.

Gwajinsa ba ya bukatar malami. Ka ɗauki guda biyu daga faifan mai talla, ka ɗora idon ɗaya a kan na ɗaya, ka juya guda har ya gicciye. In duka na gaskiya ne, wurin da suka haɗu zai yi baƙi ƙirin. Ko ka sa shi ka dubi ruwan kwano a rana, kana karkata kai: ƙyallin zai riƙa tafiya yana dawowa. Mai tallan da ya hana ka wannan gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Kada kuma a yi wa kowa alkawarin banza. Samari na cewa da shi ake hango giwan ruwa a ƙasan tafki. Da damina, lokacin da Binuwai ya kawo jan ruwa, babu gilashin da zai huda laka. Da rani, a bakin gaɓa inda ruwa ya kwanta, i, za ka ga karfasa a kan gurbinta, mai birgi ya san inda zai jefa. Amma abin da ya fi wannan a wurinmu shi ne kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun cikar tafki, masu yaga kalli su fasa jirgi, da kan dorina da ke lafe cikin ƙyalli, ba a ankara sai an zo kusa.

Game da launi, mai toka-toka ya dace da tsakiyar tafki da tsakar rana, mai ruwan ƙasa kuwa ya fi fito da abu a ruwa marar zurfi. Ana buga lamba daga 0 zuwa 4 a hannun tabarau. Lamba 3 ita ce ta aikinmu. Lamba 4 ta yi duhu ƙwarai, ba a tuƙa mota ko babur da ita. A zaɓi mai faɗi wanda ya rungumi fuska, domin haske ta gefe ma yana shiga. Mai fita su da dare ko da asuba ya bar shi a aljihu sai rana ta ɗaga.

Maganar kunya kuwa, ladabi ne zai raba gardama. In ka sauka gaɓa za ka gaida na gaba, ka tuɓe shi kamar yadda kake tuɓe takalmi, a ga idonka. A kan ruwa kayan aiki ne, babu bambanci tsakaninsa da filafili.

Mun kai wa dattijonmu shawara, ya kuma amince a kawo ta gaban sarkin ruwa da shugabannin masunta bayan sallar Juma'a: daga asusun da muke tara wa masu aikin ido a ware wani abu, a aiki mutum biyu Garwa su sayo da yawa, a gwada a can, a sayar wa masu jirage a kan kuɗin da aka sayo. Mun roƙi dattawan su fara sawa, domin yaran jirgi ba za su sa abin da ubangidansu ke yi wa dariya ba. Wanda ya karɓa ya ɗaura masa igiya a wuya, ya riƙa wanke shi da ruwa kafin ya goge, don yashi na karce shi. Masu son a sa sunansu su same mu a zaure kafin ranar Alhamis.